Tsakiyar Idon Malam Zdravko

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karambani ne ya ja ni. Inda aka ga kuskure a rufa mini asiri.

Muhibbat ba ta taɓa ƙwallafa rai a kan wani abu ba kamar fitowa a matsayin Milena. Milena ita ce 'yar da ke cikin wasan kwaikwayon Malam Zdravko, wani tsohon marubuci ɗan Slovenia, wanda ƙungiyar wasan jami'arsu da ke unguwar Aldwych a ƙasar Turawa za ta nuna. Littattafan labarinsa ta karance su tas a laburare, wasan kuwa ta haddace shi har da wuraren da uban Milena yake tari.

Ranar zaɓen 'yan wasa tsohon ya zo da kansa, dogo, da farin gashi da sanda. Al'adarsa ce shi yake karanta maganar uban, yana tsaye daf da yarinyar da ake gwadawa.

Da aka zo kan Muhibbat, muryarta ta fita sarai, amma idanunta suna kan takalmansa. Mutumin ya girmi Abbanta, ta yaya za ta zuba masa ido?

Ya ɗaga hannu. "A garinmu," ya ce da Turancinsa mai nauyi, "wanda ya ƙi kallon idonka ƙarya yake ɓoyewa. Ki huta, ki sake sau ɗaya. In ba za ki iya ba, akwai wasu."

Ta koma bayan labule. Ƙawarta Teema, haifaffiyar unguwar Peckham a can ƙasar, ta biyo ta.

"Ke 'yar Kano, relax mana! Kalli girarsa kawai, ba zai gane ba."

"Teema, sa'an kakana ne fa."

"To durƙusa ki gaishe shi, a yi miki cancel, a cire sunanki, ki huta."

Aka sake kiranta. Ta kalli girar kamar yadda aka ce, sai tsohon ya sunkuyo har idonsa ya faɗo cikin nata. Babu wurin gudu. Ta ji bakinta yana faɗin maganar Milena, "Baba, ka san za su zo su kama maƙwabcinmu, kuma ka yi shiru."

Malam Zdravko bai karanta amsar uban ba. Ya laluba kujera ya zauna, ya cire tabarau yana share hawaye.

"Haka 'yata ta kalle ni," ya ce, "ranar da ta bar gida."

Daraktar wasan ta tafa hannu. "Mun samu Milena!"

Ɗalibai suka yi caa a kan tsohon, wani na miƙa ruwa, wata na tambayar ko 'yar tana raye. Muhibbat ta tsaya a gefe. Ta sa dattijo kuka a gaban yara. Kuma haka za ta riƙa yi duk ranar wasa, ga shi Abba ya riga ya ce in aka zaɓe ta shi zai zauna a layin gaba, har ya gayyaci abokan aikinsa na asibiti. Ta hango shi yana kallon 'yarsa tana tsare babba da ido, tana faɗa masa laifinsa.

Jakarta tana kusa da ƙofa. Teema ta ba ta baya, tana ɗaukar hoton tsohon. Muhibbat ta ja mayafinta, ta tura ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara, ta gangara matakala zuwa inda bas ke tsayawa.