Saƙon da Rayhana ta kai

Abduljabbar ya iya kwamfuta, wannan ba a musu. Abin da bai iya ba shi ne haɗa ido da surukinsa, Alhaji Ubale, mai kamfanin manyan motoci a Maigatari, wanda kuma shi ne maigidansa a wurin aiki.

Babbar kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da duk bayanan ofishin, amma manhajar da ke kanta ta raba cikinta gida-gida kamar ɗakunan haya: ɗaya na takardun tsallaka iyaka, ɗaya na bin sawun motoci, ɗaya na ma'aikata. Duka ana sarrafa su ne daga shafi ɗaya na intanet. Shafin nan Abduljabbar ya buɗe shi ga duniya, don ya riƙa leƙawa daga gidansa a Gumel ba sai ya hau babur ba.

Wata safiya masu manhajar suka yi sanarwa cewa an gano ɓaraka a shafin, ɗan kutse zai iya shiga ko da ba shi da kalmar sirri. Gyaran sai an kashe komai na rabin yini, kuma wannan sai da izinin Alhaji. Rufe shafin kuwa ba ya buƙatar izinin kowa, amma gogan ya ga wahalar hanya ya bar shi a buɗe.

Sau biyu yana zuwa ƙofar Alhaji, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tashi bai kawo maganar gyaran ba. Daga ƙarshe ya aiki matarsa Rayhana, 'yar Alhajin.

"Ki ce wa Baffa na'urar tana son ɗan gyara, in ya ga babu damuwa."

Haka ta faɗa, ba ta ƙara ba. Alhaji ya ce a bari sai bayan kasuwar Alhamis.

Ranar Alhamis da hantsi komai ya tsaya. An shiga ta shafin an kulle ɗakunan gaba ɗaya. Motoci cike da shanu suka yi layi cikin rana babu takardar wucewa, direbobi suka cika harabar ofis. Dogo, babbansu, ya nuna Abduljabbar.

"Alhaji, wannan aikin wa ke nan? Dabbobin mutane za su mutu mana a mota!"

Alhaji Ubale ya ɗaga hannu.

"Ku bar yaron nan. Ya aiko an faɗa mini, ni na ce a jinkirta. Laifina ne."

Kunya ta rufe Abduljabbar. Ya san abin da ya aika a faɗa, ya san kuma wanda ya bar shafin a buɗe. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Alhaji ya juyo ya dube shi. Abduljabbar ya sunkuyar da kai, ya bar tsohon yana ba direbobi haƙuri ɗaya bayan ɗaya.