Ƙwaron da Aka Raɗa wa Sunan Merle

Narelle Pascoe ta miƙe, ta zauna, ta sake gyara zama, har matar da ke gefenta ta janye jakarta. Bas ɗin Toowoomba kuwa tafiya take kamar an roƙe ta.

A gidan adana ƙwari na Brisbane take aiki, inda aka ba ta tantance dangin wasu ƙananan malam-buɗe-littafi masu siririyar jela a fiffike. Ɗaya daga cikinsu mahaifinta Lindsay ne ya gano shi tun tana rarrafe, ya raɗa masa sunan matarsa Merle. Merle ta rasu, sunan ya rage masa abin taƙama. Jiya Narelle ta tsaga cikin ƙwaron ta duba, ta tarar ba sabon iri ba ne, wani ya riga ya ba shi suna tun zamanin kakanni. Ƙa'idar masu wannan aiki kuwa ba ruwanta da kunya: tsohon suna ke tsayawa, a goge na baya. Ita za ta goge sunan uwarta da hannunta, kuma tsoron faɗa wa tsohon ya hana ta sakat.

Ta same shi a asibitin Toowoomba, an sa masa robar iska a hanci, yana ta mita a kan shayinsu.

"Zauna mana, 'yar nan, kina sa ni jiri. Kin duba na uwarki?"

"Na duba, Baba."

"Da ido, ko kin tsaga?"

"Na tsaga."

Ya ƙura mata ido. Ta kasa ɗagowa.

"Iri ɗaya ne da wancan ke nan," in ji shi.

"Zan iya yin shiru, Baba. Ba wanda zai sake dubawa nan kusa."

"Ki yi wa ƙwaro ƙarya saboda ni? Ashe asarar kuɗin makaranta na yi!"

Ta yi dariya, hawaye suka biyo baya. Sai ya tambaye ta:

"In kin tura wa mujallar masana ƙwari gyaran sunan, yaushe za su buga?"

"Kai ma ka san su. Sai baɗi, in sun yi sauri."

"To tura musu yau," ya ce, yana jan bargo. "Kafin su buga, na riga na je na faɗa mata da bakina."