Aljihu a Gwiwa

Shi ya fara ganin abin, kafin likita, kafin na'urar gwajin jini, kafin 'yar ƙaninsa da duk karatunta. Kuma kunnensa ma ya riga idonsa. Mai Almakashi ke nan, tsohon telan da bai taɓa zama a aji ba, amma ya shekara ashirin da shida yana kokawa da ciwon suga. Huɗu daga cikin waɗanda suka fara bin layin asibiti tare da shi sun riga mu gidan gaskiya, shi kuwa yana nan da yatsun ƙafarsa goma cif.

Shagonsu ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Shi yana yanka a teburin ciki, ƙaninsa Auta yana ɗinki a bakin ƙofa da keken ƙafa. Auta ya ba sittin baya, amma a wurin yayansa har gobe Auta ne. Shi ma ciwon ya kama shi shekara tara da suka wuce, yana allura safe da yamma. Da can in sugansa ya sauka, hannu zai hau rawa, gumi ya karyo masa, sai ya jawo alewa daga aljihun keke ya tsotsa. A 'yan watannin nan duk wannan ya ɗauke.

"Yaya, ni fa na warke," in ji shi wata rana. "Rabona da rawar jiki har na manta."

"Warkewar me? Mai gadinka ne ya yi barci. Ɓarawon yana nan."

Auta ya yi dariya, ya ce tsufa ne ke sa mutum tsoro. Daga ranar ya daina ajiye alewa.

Ranar da abin ya faru, Auta ya yi allurarsa da safe ya fito ba karin kumallo, don akwai wandon wani direba da zai kai masa tasha a babur kafin motarsa ta tashi. Rana ta ɗaga sosai, tsoho yana tsakiyar yanka wuyan riga, sai almakashinsa ya tsaya. Shekara arba'in yana jin takun keken nan, ya san shi kamar tarin kansa. Yau keken sai ya yi gudu, ya tsaya, ya sake fizga kamar an tsikare shi. Ya leƙa ta kafaɗar ƙaninsa. Auta ya ɗinke aljihun baya a kan gwiwa, kuma ya fara naɗe wandon cikin leda hankali kwance.

Tsoho ya miƙa hannu kan ƙusar bango, ya zare makullin babur ya jefa a aljihunsa.

"Yaya, makullina."

"Ka ci wani abu yau?"

"Ina ruwanka da cikina? Ba ni makullina, mutum yana jirana!"

Auta da ko kyanwa ba ya daka wa tsawa. Nan tsoho ya gama tabbatarwa. Titin tashar nan tireloli ne ke bin sa ba dare ba rana.

"Suganka ya faɗi, ɗan uwa."

"Kalli hannuna. Yana rawa? Ka ga gumi? Lafiyata ƙalau, kada ka mayar da ni yaro."

Tsoho ya san musu ba ya cin mai irin wannan hali, shi ma an sha yi da shi. Sai ya zaro allurar hannu daga gaban rigarsa, ya tsinko baƙin zare.

"To na ji. Zira min wannan, ka karɓi makullinka."

Auta, wanda ke zira zare yana hira ba tare da ya duba ba, ya fizgi allurar. Ya kai zare, ya wuce ta gefe. Ya lashi bakin zaren ya sake, ya wuce. Ya ce hasken shagon ne bai isa ba, alhali rana tana dukan ƙofa. A karo na huɗu allurar ta faɗi ƙasa, ya tsaya yana kallon yatsunsa kamar na aro ne.

Kafin nan tsoho ya jawo gwangwanin suga da yake ɓoyewa a cikin buhun ƙyallaye, ya dama cokali uku a kofin ruwa.

"Sha. Ba roƙonka nake yi ba."

Ya sha.

Suna nan sai ga 'yar Auta ta kawo abincin rana. Kallo ɗaya ta yi wa mahaifinta ta ajiye kular, ta ciro na'ura daga jaka ta soki yatsansa.

"Hamsin da ɗaya!" Ta juya ga tsoho. "Baffa, bayan ya sha sugan ke nan?"

"Hamsin ɗin nan yawa ne ko kaɗan? Ni lamba ba ta san ni ba."

"Kaɗan ne, Baffa. Da ya hau babur a haka..." Ta kalli titi, ba ta ƙarasa ba.

Aka sake dama masa wani kofin. Da aka ɗan jima ta sake gwadawa, ta sauke ajiyar zuciya, ta buɗe masa abinci. Auta yana cikin ci idonsa ya faɗa kan wandon, ya jawo shi ya ware.

"Wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan aikin?"

'Yar ta yi dariya har da hawaye. Auta ya dubi ɗinkin, ya gane hannunsa ne, cokalin ya tsaya masa.

"Wallahi ban ji komai ba, Yaya. Ko kaɗan."

"Ni shekara goma sha ɗaya ban ji ba. Ka ga na mutu? Ci abincinka."

Direba dai ya tafi da tsohon wandonsa. Washegari likita ya rage wa Auta allura, ya ce kada ya ƙara hawa babur sai ya gwada jini, kuma in ya yi makonni sugan bai faɗi ba, mai yiwuwa rawar jikin ta dawo. Rabin awa ya yi yana bayanin abin da Mai Almakashi ya faɗa a numfashi ɗaya. Alewa ta koma aljihun keke, na'ura ta samu mazauni a jikin ƙusar makulli.

Wandon kuwa tsoho ya hana a farke shi. An ɗinka wa direba sabo, wannan yana rataye a bango, aljihunsa a gwiwa. Duk mai ganin tsohon nan cika baki yake yi, shagon ba ya ɓuya. Ya zo ya duba ɗinkin da idonsa, in kuma ya isa, ya saka wandon ya nemi aljihun a inda ya saba.