Inda Kaset Ya Yanke

Mahamane bai taɓa yi wa matarsa Ramatou ƙarya ba sai guda ɗaya, amma fa ita ɗayar ya shekara ashirin yana maimaita ta.

Tun suna amarci a Damagaram suke da kaset ɗin wani fim ɗin Indiya mai waƙa da rawa, wanda aka ce daga wani tsohon littafin Bangali aka ciro shi. Kaset ya cika wa mai kwafa, fim bai ƙare ba. Daidai inda jarumin, ciwo ya cinye shi, ya kama hanyar gidan masoyiyarsa, sai hoto ya ɗauke ɗif. Ranar farko Ramatou ta juyo da hawaye ta ce, "Ya iske ta?"

Mahamane ya ga fim ɗin a silima, ya san a bakin ƙofa bawan Allah ya cika, ba su gana ba. To amma wa zai faɗa wa amarya haka? Ya ce ƙwarai kuwa, ya iske ta, ta dama masa kunu, ya warke sarai. Duk shekara in sun kalla sai ya ƙara gishiri. Kafin su yi ƙaura zuwa Sterling ta Amurka har ya haifa wa jarumin da masoyiyarsa tagwaye.

Yanzu ga 'yarsu Aliyya, sarkin karambani, ta samo fim ɗin cikakke a intanet.

"Lahadi za mu kalla, Baba. The whole thing!"

Wayyo Mahamane! Duk satin nan yana kwasar fasinja a tasinsa daga filin jirgin Dulles gabansa na faɗuwa. Ba kamun ƙarya ne ya dame shi ba. Tsoronsa Ramatou ta ga mutumin nan kwance a ƙasa, abin da take murna da shi shekara ashirin ya tashi a banza.

Ran Lahadi bayan la'asar ya ce zai je wankin mota. Ramatou ta ce, "Baban Aliyya, zauna. Jiya ka wanke ta."

Ya zauna. Aka yi waƙoƙi, Ramatou tana bi ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba, Aliyya tana karanta fassarar da ke ƙasan hoton tana dariyarsu. Shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Da jarumi ya kama hanya, Mahamane ya share zufa ya ce, "Ramatou, akwai maganar da..."

Ta miƙa hannu ta karɓe rimot daga Aliyya, ta kashe talabijin. Daidai wurin da kaset ɗinsu ya yanke, ko daƙiƙa ba ta ƙara ba.

"Mama! Saura minti goma!"

"Ke, yi mana shiru. Nan namu yake ƙarewa." Ta gyara zama ta fuskanci mijinta. "To, ƙarasa mana."

Ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Watanmu biyu da aure na ga ƙarshen a gidan yayata. Kwana uku ina kuka a ɓoye. Da na tuna kunun nan naka, sai na san Allah ya ba ni miji."

Idonsa ya ciko, ya waske da tari. Sannan ya dubi 'yarsa ya ce, "To, tana jin sallamarsa sai ta ɗora tukunya."