Guɗar Goggo a Bayan Gari

A gidanmu na Gagarawa Tasha ba a ɗaga murya. Yayana Ubale ya faɗi bai tashi ba ranar da tayar mota ta fashe kusa da shi. Daga baya ƙanwata Muhsina ta fara suma duk lokacin da aka razana ta. Likita Abdulfatah na Kano ya ce gado ne, bugun zuciya ke rikicewa in ƙara ta zo ba zato. Muka yanka zakaranmu. Muka kashe ƙarar wayoyi. Goggo Sabuwa, ƙanwar babanmu, wadda ba a biki a unguwa sai da guɗarta, ta ɗinke baki shekara biyu.

Bara aka ɗebi jinin Muhsina. Likita ya ce masu bincike za su mayar da ƙwayoyinsa baya kamar na ɗan tayi, su raine su har su zama naman zuciya, sai a gwada magunguna a kansu maimakon a kanta. Ban yarda ba.

Ranar Laraba da hantsi likitan ya turo bidiyo. Wani ɗan tabo a faranti yana motsi. Dam, dam, sai ya yi tuntuɓe.

"Wannan kuma fa?" in ji Goggo.

"Zuciyar Muhsina ce. Wato irinta," na ce.

"To ta jikinta fa?"

Muhsina ta dafa ƙirji. "Tana nan, Goggo."

"Zuciya har biyu, amma babu mai son wanke-wanke."

Bidiyo na biyu bayan an ɗiga magani ne. Dam, dam, dam. Na bi shi har ƙarshe, babu tuntuɓe. Likita ya ce Muhsina ta zo Litinin a fara ba ta maganin, amma kada a razana ta sai sun auna sun gani.

Goggo ta kama hanci, ta ɗaga kai. Na cafke hannunta.

"Goggo! Bai ce yanzu ba."

Ta harare ni. "Ɗan nan, kai ko murna sai ka haɗe rai?"

Ta yafa mayafi, ta zura takalmi, ta fice. Ta ratsa gonar gero har ta wuce kukar Kawu Barau.

Can muka jiyo guɗar, siririya, ta ƙi ƙarewa. Muhsina tana ta dariya, hannu a ƙirji. Na zuba mata ido. Ba ta faɗi ba.

"Yaya, kai ma je ka yi taka."

Na ce mata maza ba sa guɗa. Sannan na nemi takalmina.