Sabulu a Hancin Mota

Warin ne ya fara shaida wa Bona, wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai a tafin 'yarta Nyon, wadda ta rarrafo daga ƙarƙashin tsohuwar fijon mijinta. Ta durƙusa ta leƙa. Mai baƙi ƙirin ya jiƙe cikin tayar baya, yana ɗiga.

"Baban Nyon, motarka na zubar da mai."

Sabi, mijinta, direban haya ne tsakanin Paraku da Kuwande. Ya yi dariya. "Tsufa ne. Na ga wata 'yar kafa tana tsatsafa a saman aksul, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, na liƙe ta da sabulu. Kowane direba haka yake yi."

"To ni da 'yata ba za mu sauko gangaren Kuwande a cikin sabulu ba."

Washegari za su je gaida mahaifiyarta. Ta goya Nyon, ta zauna daram a kujerar gaba, ta ce sai an ga bakanike. Dole Sabi ya karkata zuwa garejin Baba Gunu, tsohon da ya koya masa riƙon sifana.

Baba Gunu ya cire taya, ya zare kwanon birki, ya shafa ciki da yatsa. Santsi kamar miyar kuɓewa.

"Sabi, wanka ka yi wa motar?" Ya ɓanɓaro sabulun ya nuna masa. "Kai, shashasha! Wannan kafar hancinta ce. In man aksul ya yi zafi, ta nan yake numfashi. Ka toshe, sai ya fasa robar da ke tare shi, ya kwararo kan birki. Taka birki da wannan a gangare ka gani!"

Sabi ya sosa ƙeya. Bona ta ƙara tamke goyonta.

Tsohon ya sa sabuwar roba, ya sauya takalman birkin da suka sha mai, ya huda kafar da waya, ya ɗura sabon mai har ya tumbatsa. Sannan ya dubi Bona. "'Yata, wa ya gano?"

"Nyon ce, Baba. Hannunta."

"Ashe akwai bakanike a gidanku, ba dai uban ba."

Washegari a gangaren Kuwande, wata babbar mota ta tsaya cak a gabansu saboda shanu. Sabi ya taka birki. Fijo ta tsaya, ƙyam. Bona ta kama ɗan tafin Nyon ta manna shi a kumatunta, har yanzu da sauran warin.

Da suka dawo, ta daka sakwara, ta soya cuku a miyar gyaɗa, ta kai gareji da kanta.

"Allah Ya saka, Baba. Ka mayar mana da numfashinmu."

"Amin, 'yata. Amma ki ɓoye sabulun gidanki."