Ranar da Baba Adamou Ya Hau Rufi

"Miƙo ɗaya kuma, ɗiyata. Wancan mai nauyin na gefen famfo."

Lubabatu ta ɗauki bulon da hannu biyu, ta hau tsani taki uku, ta miƙa sama. Hannun Baba Adamou ya leƙo daga bakin rufin ya karɓa. Ta ji ya dire shi a kan tamfol, sannan ta ji yana haki.

"Baba, ka sauko haka nan. Abduljalil zai ƙarasa in ya dawo."

"Mijinki sai la'asar zai baro tashar jirgi. Ke dai dubi wajen teku."

Ta duba. Hadari ne baƙi wuluk ya taso daga yamma, ya cinye rabin sama, ga iska mai sanyi tana kaɗa kayan shanya. Tun da safe saƙo ya shigo wayoyin kowa cewa za a yi ruwa mai ƙarfi a Jidda, an rufe makarantu. A unguwar Nuzla ba a wasa da irin wannan saƙo. Gidan da suke haya tsohon gini ne, ɗaki biyar kewaye da ɗan tsakar gida, kuma ƙofarsa ta nutse ƙasa da titi har taki biyu. Duk ruwan da ya sauka a lungun, gidansu yake fara nema.

Shi ya sa duk shekara, da zarar sanyi ya kawo kai, Baba Adamou ke tayar da kowa. Mutumin Damagaram ne, ya shekara arba'in a Jidda. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya gaza, yanzu yana sayar da asuwaki da turare a ƙofar masallaci. Ba mata, ba ɗa. Ya ga ambaliyar da ta ci unguwar Kuwaiza da idonsa, ya taya jawo gawarwaki daga cikin motoci, kuma tun daga lokacin bai ƙara yarda da hadari ba. Shi ya sa aka cika buhuna bakwai da yashi aka jera a bakin ƙofa. Shi ya dafa kwalta a gwangwani ya bi tsagar bango yana liƙewa. Shi ya ce a ɗora katifu bisa akwatuna, a ɗaure wayar wuta sama. Yau rufi ya rage, kuma duk mazan gidan sun fita nema. Daga shi sai Lubabatu da 'yan matanta biyu, Sajida da Hikima, waɗanda ke ɗaki suna kallo a waya.

Ta koma ta ɗauko wani bulon. Ta miƙa, babu hannun da ya karɓa.

"Baba?"

Shiru. Sai ƙarar tamfol da iska ke bugawa.

Ta saki bulon, ta tattare abayarta, ta hau. Ba ta taɓa hawa rufin nan ba. Ta same shi zaune ya jingina da tankin ruwa, hularsa ta faɗi gefe, hannunsa na dama ya damƙe ƙirjinsa. Gumi na tsatsafo masa duk da sanyin da ake yi, leɓensa ya yi fari fat.

"Innalillahi! Baba, mene ne?"

"Ba komi. Wani abu ne ya taushe ni nan. Bari in huta kaɗan."

"Tashi mu sauka."

Ya yunƙura, ƙafafunsa suka ƙi. Ta kama shi ta hammata ta ja, amma ko gezau. Tsohon ɗan dako ne, ƙashinsa kaɗai ya fi ƙarfinta. Ɗigon farko ya sauka a bayan hannunta, babba, mai sanyi.

Ta ciro waya daga cikin rigarta. Ta kira Abduljalil sau uku, bai ɗauka ba. Ta tsaya tana kallon lambobin. Ta san lambar motar asibiti, kowa ya sani. Amma ta san kuma abin da ke biyo bayanta idan aka sami rai a hannun Allah: 'yan sanda, tambayoyi, ina iƙama, takardar izinin zama. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta zo umara daga Gusau ba ta koma ba. 'Ya'yanta a ɗakin nan na ƙasa aka haife su, babu takardar da ke ɗauke da sunansu ko ɗaya. A duk gidan, mijinta ne kaɗai ya taɓa riƙe iƙama, ita ma ta mutu tun da kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, ya rufe kamfani.

Baba Adamou ya ga abin da take kallo. Ya girgiza kai.

"Kar ki kira. Kina ji na? Mutum goma sha huɗu ne a gidan nan. Kar ki tona su saboda tsoho guda."

"Baba, mutuwa fa za ka yi."

"To, in ta zo ai ba su za su hana ta ba."

Ruwan ya kece kamar an ɓare bakin tanki. Ta cire mayafinta na sama ta lulluɓa masa, ta ce yanzu za ta dawo. Ta sauka tsanin tana zamewa, ta tsallake buhunan yashin, ta faɗa lungun da ruwa ya riga ya kai idon sawu. Ƙofa ta uku ta buga da tafin hannu biyu.

Hajiya Hind ta buɗe. Dattijuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanta ne ya zo da ƙafa daga Kano, kuma ita kaɗai ce a lungun ke da takardar ɗan ƙasa. Hausa tana jinta sarai, amma in ta yi magana sai rabi ya koma Larabci.

"Esh fi, me ya faru, Lubaba? Wuta?"

"Baba Adamou ne, Hajiya. Ya faɗi a rufi. Ƙirjinsa. Ya ce kar a kira, ni kuma... ni ban san yadda zan yi ba."

Hajiya Hind ta dube ta sau ɗaya, ta juya ta ɗauko wayarta. Ta yi magana da sauri cikin Larabci, ta faɗi sunanta cikakke, ta kwatanta lungun daga masallaci. Da ta kashe ta ce, "Halas. Ni na kira, ba ke ba. Kawo yara nan gidana, ke ma ki zauna ciki. Yalla."

Lubabatu ta kwaso Sajida da Hikima, ɗaya a kafaɗa ɗaya a hannu, ta tura su cikin falon Hajiya. Ta tsaya a bakin ƙofa ruwa na zuba daga haɓarta. Ɗakin da ɗumi, da ƙamshin gahawa. Ƙafafunta suna so su shiga.

"Shi kaɗai ne a can," ta ce. Ta juya da gudu.

Da ta sake hawa, rufin ya zama tafki. Ruwan ya taru ya rufe tamfol ɗin, ya kai cinyar Baba Adamou inda yake zaune. Ta durƙusa ta tallabo kansa, ta kare masa fuska da jikinta.

"An kira, Baba. Hajiya Hind ce ta kira. Suna zuwa."

Ya buɗe ido da ƙyar. Bai yi mata faɗa ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna kusurwar rufin.

"Indararo ya toshe. Ban kai gare shi ba. Je ki buɗe."

"Ba zan bar ka ba."

"Katakon ƙasan nan ya ruɓe, na gani da idona. In ruwan ya ƙara nauyi, rufin zai zauna a kan ɗakinku. Je ki, ɗiyata."

Ta ji ginin yana wani irin nishi a ƙarƙashin gwiwoyinta, ko kuma tsoro ne ya sa ta ji haka. Ta jingina kansa da tankin, ta rarrafa cikin ruwan zuwa kusurwa. Ta zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu. Leda ce, da gashin tantabaru, da wani takalmin yaro da ya maƙale a tsaye. Ta ja, farcenta ya karye, ta sake ja. Tsawa ta fashe a bisa kanta har ta ƙwalla ihu ta kifa fuska. A ja na uku takalmin ya fito, ruwan ya zuƙe da ƙara, ya tuɗe cikin lungu kamar famfon kashe gobara.

Ta rarrafo baya. Leɓensa na motsi. Ta kai kunne, ta ji kalmar shahada ce yake ja a hankali, sai ta kama masa, suna yi tare. A karo na huɗu muryarta ce kaɗai. Ta ci gaba da yi duk da haka, tana riƙe da hannunsa, har ta ji jiniya daga can bakin titi.

Motar ba ta iya shiga lungun ba. Maza biyu ne suka keto ruwan da ya kai musu gwiwa, ɗauke da jaka da gadon ɗaukar marar lafiya. Lubabatu ta ga kan na farkon ya ɓullo a bakin tsani. Ba inda za ta gudu. Suka kwantar da shi, suka danna ƙirjinsa, suka daɗe suna yi. Daga baya babbansu ya zauna a kan dugadugansa, ya share ruwa daga fuskarsa, ya dube ta.

"Bintuh?" ya tambaya. 'Yarsa ce ke?

"Aiwa," ta ce, wato eh.

Ya yi mata ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa, bai ƙara tambayar komai ba. Da ɗan sanda ya iso bayan ruwa ya tsagaita, Hajiya Hind ce ta tare shi a ƙofar gida, tsaye cikin laka da takardarta a hannu. Ta ce maƙwabcinta ne shekara talatin, ita ta kira, ita za ta sa hannu. Lubabatu na bayan labulen ɗakinta tana jin kowace kalma, ta cusa gefen zani a baki don kar a ji haƙoranta na haɗuwa. Ɗan sandan ya rubuta abin da zai rubuta, ya bi gawar suka tafi.

Buhunan yashin sun riƙe. Ruwa bai shiga ɗakin kowa daga ƙasa ba, rufin kuma bai zauna ba. Kwana biyu bayan haka aka ba da gawar, mazan lungun suka bi Abduljalil aka kai shi.

Ran nan da hantsi, rana ta fito, kowa ya baza tabarmi da barguna a kan katanga. Lubabatu ta tura ƙofar ɗakin Baba Adamou don ta share kafin mai gidan haya ya zo. Warin danshi ya tare ta. Tamfol ɗin da ya saya bai kai ɗaki biyar ba, huɗu ya rufe, ya bar nasa a buɗe. Katifarsa ta jiƙe sharkaf, ɗauren asuwakinsa na yawo a kusurwa. A tsakiyar ɗakin ya ajiye wata tsohuwar roba tun kafin ya hau, ta cika ta batse.

Ta tsuguna kusa da ita, tsintsiya a hannu. Daga tsagar silin wani ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo cikin robar. Ta zauna tana jiran na gaba.